Takardar da Na Kasa Miƙa wa Surukina

Ni ba mai nauyin baki ba ne, kowa ya sani. A shekarun da na yi ina aikin malamin gona a wani kamfanin iri da ke Funtuwa, manoma daga Kafur har bayan Malumfashi sukan ji muryata tun kafin su hango babur ɗina. Na taɓa tsayawa a gonar wani Alhaji mai manyan motoci na ce masa aikin da ya yi aikin banza ne, a gaban 'yan ƙwadagonsa. Ya kai ƙarata ofis, aka ce masa gaskiya na faɗa. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai in za a kai wa manomi mummunan labari ni za a tura, don ba na sa masa sukari. To ni ɗin nan ne na kwashe kwana tara da magana ɗaya a baki, wadda ba ta fi a faɗe ta cikin numfashi guda ba, na kasa fitar da ita.

Bari in ɗan bayyana aikin, don wanda bai taɓa noman iri ba zai ɗauka masara masara ce. Kamfani ne ke ba manomi iri kala biyu, muna ce wa ɗaya mace ɗaya namiji, a shuka su layi-layi a gona guda. Idan masara ta kusa fure, sai a bi layukan macen a zare furen da ke fitowa a kanta, don kada garin fure ya sauka a gemunta sai na namijin da aka ajiye mata. Abin da macen ta goya shi ne irin da za a sayar wa manoma baɗi. Sharaɗin da ba a wasa da shi guda ne: kada wata masara ta daban ta yi fure kusa da gonar a lokaci ɗaya da ita. Iska ba ruwanta da iyakar gona. In ta ɗebo garin furen wata masarar ta zuba, iri ya gurɓace, jami'in hukumar da ke tantance iri ya soke gonar gaba ɗaya, kamfani kuma ya cire sunan manomi. Ga shi masarar iri ba ta auki. In aka soke ta aka bar maka ka ci, abin da za ka ɗauka ba zai kai rabin abin da gonar ta saba ba ka ba.

Manajarmu mace ce, 'yar mutanen kudu, amma a Funtuwa aka haife ta, a bayan kasuwa ta tashi, Hausar bakinta har ta fi ta wasunmu gishiri. Madam muke ce mata. Ita ta kafa mana dokar yadda ake magana da manomi in an ga matsala a gonarsa, kuma duk farkon damina sai ta maimaita a taron bita har mun haddace. Ka faɗa masa da bakinka, kana gabansa. Ka faɗi abin da zai yi, da ranar da zai yi, da abin da zai same shi in bai yi ba. Ka sa ya maimaita maka ka ji. Sannan ka cike takardar gargaɗi, ka karanta masa, ka kama babban yatsansa ka sa a tawada ka dangwala. Ni ne kan gaba wajen yabon wannan doka. Sabbin ma'aikata ma da ni ake haɗa su in koya musu, ina yi ina fankama.

Surukina, mahaifin maiɗakina, manomi ne a wani ƙauye ta wajen Kafur, dattijo mai ƙarancin magana. A lokacin shekarata goma sha ɗaya da auren 'yarsa ta fari, amma ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a tabarmar da yake zaune ba, ban ma san kalar ƙwayar idonsa ba. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Shi kuma Malam yake ce mini, bai taɓa kama sunana ba. Hirarmu ba ta wuce gaisuwa, da ruwa, da lafiyar yara. Duk wata magana mai nauyi tana da hanyarta: in gaya wa maiɗakina, ita ta gaya wa Inna, wato mahaifiyarta, Inna kuma ta duba lokacin da ya dace ta shigar masa. Amsa ta dawo ta wannan hanyar. Haka muka yi shekara da shekaru, kuma babu abin da ya taɓa lalacewa.

Ni na jawo shi cikin noman iri, babu wanda ya aike ni. Na ga manoma suna samun rufin asiri a ciki, na ce wanda na fi so ya amfana ai shi ne. Saƙo ya bi hanyarsa, ya yi wata guda yana nazari, sannan amsa ta zo cewa tunda Malam ne ya kawo, ya yarda. Kuma bai yi shiga ta gwaji ba. Babbar gonarsa ya bayar, ta bakin rafi, wadda ke ciyar da gidan gaba ɗaya, shi da Inna da 'ya'yansa maza biyu da matansu da jikoki. Da aka raba wa malamai yankuna, ƙauyen ya faɗo cikin nawa. A nan ya kamata in ɗaga hannu in ce wa Madam akwai surukina a jerin nan, a ba wani. Ban ce ba. Ina tsoron a ce na yi son kai wajen shigar da shi, kuma gaskiya ina so ya gan ni a bakin aikina, da jaka da littafi, manoma na ce mini Malam ya za a yi. Wautar ke nan, ba wata ba.

Gonar ta yi kyau yadda ban taɓa zato ba. Layi a miƙe, ba ciyawa ko ta magani, taki a kan lokaci. Wata Litinin na je dubawa, na zaga har ƙarshen gona ta gefen rafi inda ban cika zuwa ba, sai na ci karo da layi goma sha biyu na wata masara daban, a bayan wasu itatuwan ɗorawa. Kallo ɗaya na gane ta. Jar masarar gidansu ce, irin da ya gada wurin mahaifinsa, wadda duk shekara ake aiko mana da ita ɗanya yara su gasa. Kuma na gane dabarar da ya yi. Ya ji a taron manoma cewa in ba tazarar wuri, tazarar lokaci tana wadatarwa, sai ya jinkirta shukarta da mako uku. Abin da bai lissafa ba, jar masarar nan mai sauri ce. Na ɓare kan ɗaya na duba, na koma na ɓare na kamfani. Tare za su yi fure, nan da kwana goma ko ƙasa da haka.

Maganin abin ba wuya. Mutum biyu da adda, kafin azahar sun gama. Layi goma sha biyu a sare, gona mai faɗin gaske ta tsira. Da gonar wani ce, da tun a wurin na buɗe murya na tara mutane. Na zauna a gindin ɗorawa na cike takardar gargaɗi tsaf, na rubuta ranar da dole a gama sarewa, na taho ƙofar gida inda surukina yake zaune yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa, muka gaisa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Hannuna na cikin jaka a kan takardar. Sai na hango abin da zan yi: in ce wa dattijon nan ya sare irin mahaifinsa, in ba shi wa'adi, in ce maimaita in ji, sannan in matsa in kama yatsansa da hannuna in dangwala. Mutumin da ko musabaha ba mu taɓa yi ba. Ya tambaye ni yaya na ga gonar, na ce ta yi kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka. Ya ce amin. Na ja babur na fita daga ƙauyen kafin in tayar, kamar yadda na saba.

A hanya na ba kaina hujja, kuma hujjar ta yi mini daɗi. Na ce ai muna da hanyarmu. Da na isa gida na zaunar da maiɗakina na faɗa mata dalla-dalla, kamar yadda dokar Madam ta ce: jar masarar bakin rafi dole a sare ta kafin Laraba ta sama, in ba haka ba za a soke gonar duka. Har na sa ta maimaita. Ka ji ikon Allah, matata na sa ta maimaita, ita da ba ta da gona. Ta kira Inna a waya washegari. Daga baya ne, bayan komai ya wuce, na bi sawun saƙon na ji yadda ya yi tafiya. Maiɗakina ta ga kalmar sarewa ta yi kaifi a ce ta fito daga bakin suruki, sai ta ce wa Inna Malam ya ce jar masarar nan tana iya kawo matsala ga ta kamfani, in da hali a san yadda za a yi da ita. Inna ta jira ya ci abinci ya sha ruwa, ta ce masa Malam ya aiko, wai a riƙa sa ido a kan jar masarar nan saboda ta kamfani. Kowacce ta rage kaɗan don ladabi, kuma ba na ganin laifinsu, ni na fara ragewa.

Ranar Laraba amsa ta dawo: ya ji, ya gode. Na ji sanyi a raina. Ranar Alhamis a taron mako Madam tana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, na ambaci cewa akwai baƙuwar masara kusa da wata gona ta wajen Kafur amma an sanar da manomin. Ta ɗago kai daga littafinta.

"Da bakinka, Malam?"

Na ce, "Ya ji, Madam. Har ya yi godiya."

Ta ɗan dube ni, sannan ta wuce gona ta gaba. Ni ne fa, mai koya wa sababbi doka, wa zai tsaya tuhumata? Ban yi ƙarya kai tsaye ba, amma na san abin da ta ɗauka, kuma na bar ta a kai.

Asabar na koma ƙauyen da tunanin zan tarar da kara a zube. Na tarar da jar masara a tsaye, ta ƙara tsawo, an yi mata maimai, har an ƙara mata taki. Ido aka ce ya sa, ya kuwa sa. Kawunanta sun kumbura, fure na gab da leƙowa. Babu kowa a wurin, na ce bari in bi da hannuna in zare furen duka, a yi wadda za a yi. Na kama na farko na zare. Da na ɗago na hango mata biyu suna wanki a rafi suna kallona, sun kuma san ko ni wane ne. Kafin la'asar ƙauye zai ɗauka cewa mijin 'yar gidan ya shiga gonar surukinsa yana ɓarna ba sallama. Na tura furen nan guda a aljihu kamar ɓarawo, na fito.

Na ce to yau sai na faɗa. Tun daga bakin rafi nake bitar maganar a baki, har na tsara yadda zan fara da neman gafara. Na iske shi a inuwar masallaci da limamin ƙauyen da wasu dattawa uku. Ina durƙusawa ya juya ya ce musu ga malaminsu nan, shi ya kawo musu wannan alheri, baɗi duk wanda ke so sai ya yi magana. Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Na jira aka lafa, kaina a ƙasa, na tattaro duk ƙarfin da nake da shi.

"Baba, batun jar masarar nan ta bakin rafi..."

"An faɗa mini, Malam. Kada ka damu, idona na kanta kullum. In ta nuna, yaranka za su fara ci."

Wannan ce ƙofar, a buɗe take, ba kuma za ta sake buɗewa haka ba. Abin da ya rage in ce a'a Baba, sare ta za a yi. Amma in faɗi haka a gaban liman da sa'o'insa, bayan ya gama yabona, ya zama na gyara masa magana a bainar jama'a, na nuna cewa manomin da ya yi shekara hamsin yana noma bai san lokacin furen masararsa ba. Na ji bakina yana cewa, "To, madalla, Baba." Har yau in na tuna kalmomin nan uku sai in ji kamar in mari kaina.

Na dawo gida na sauke fushina a kan wadda ba ta da laifi. Na yi wa maiɗakina faɗa, na ce wane irin saƙo ta kai. Ta ce in ni namiji ne me ya hana ni faɗa, tunda yau ina gabansa. Ta yi kuka, ta ce ita za ta buɗe baki ta ce a sare masarar kakanta? Duk da haka ta sake kiran Inna, wannan karon ta faɗi kalmar yadda take, sarewa, da sokewa, da ranar. Abin da Inna ta ce mata shi ya ƙarasa ni. Ta ce in da abin ya kai haka, ai Malam da kansa ya zo, ya zauna da shi, ya ce madalla. Ita ba za ta tayar wa tsoho da hankali a kan maganar waya ba, alhali mai aikin ya zo ya gani da idonsa bai ce komai ba. Kuma ta yi gaskiya, shiruna ya fi saƙona ƙarfi.

Litinin na je ƙofar ofishin Madam da niyyar in faɗa mata komai, ta tura wani. Na tsaya a baranda ina jin muryarta tana magana da direbobi. In na shiga, sai na fara da cewa manomin surukina ne na ɓoye, sannan ranar Alhamis na bar ta cikin duhu, sannan takardar gargaɗi na cikin jakata ba dangwale. Ta leƙo ta ce Malam akwai magana ne? Na ce a'a, gaisuwa ce. Na ce wa kaina ai saura kwana biyu, Laraba zan je tun da safe in same shi shi kaɗai a gona, ba liman ba kowa.

Talata aka yi ruwa, Laraba gari ya waye da rana mai kyau da 'yar iska. Na isa gonar hantsi bai ɗaga ba. Tun kafin in kai ɗorawa na ga abin da nake tsoro. Jar masara ta buɗe fure gaba ɗaya, da alama tun jiya ko shekaranjiya, lissafina ya yi kuskure. Na ratsa ta, hannun rigata ya yi rawaya da gari. Iskar daga rafi take tasowa tana bi ta kan babbar gona, inda macen ta fitar da gemu sabo fil. A tsakiyar layuka na hango surukina, tsoho da shi, da 'ya'yansa biyu, suna bi suna zare furen macen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya musu. Ya ɗago ya ce mini in duba da kyau, ko guda ba su bari ba. Na duba, ko guda kuwa ba su bari ba. Aiki mai tsabta, kuma duk a banza. Na ce sannunku da aiki. Ko an sare a ranar an riga an makara, na kuwa yi amfani da wannan na sake yin shiru.

Mako na zagayowa jami'in tantance iri ya zo zagaye, Madam na tare da shi, ni ina gaba ina nuna hanya. Bai yi minti goma a gonar ba ya gano layukan. Ya auna tazara da ƙafa, ya duba fure, ya duba gemu, ya rubuta abin da zai rubuta. Ba ya cikin aikinsa ya tausaya, ban kuma ga laifinsa ba. Aka kira surukina, 'ya'yansa da wasu maƙwabtan gona suka matso. Madam ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗa masa a fili, cikin magana uku, cewa an soke gonar, da dalilin, da abin da zai biyo baya. Ina tsaye ina jin yadda ake yi, ni da na koya wa mutane. Sai ta juyo ta ce in ba ta takardar gargaɗi. Na ciro ta, ta yi laushi a jaka, wurin dangwale fari tas. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta koma wurinsa.

"Baba, malaminmu bai gaya maka a sare wannan jar masarar ba?"

"A sare?" Ya faɗa a hankali, kamar mai tambayar kansa.

Sai ya juyo ya kalle ni. Ni ma, ban san ya aka yi ba, na ɗago. Ranar na fara ganin idonsa, shekara goma sha ɗaya. Ba fushi a ciki. Na ga yana haɗa abubuwa, saƙon Inna, da zuwana masallaci, da wannan takarda, na kuma ga lokacin da ya gama haɗawa. Ya mayar da kansa wurin Madam.

"Ya faɗa. Sau biyu yana zuwa. Takardar ma ya kawo, ni na ce ba na dangwalawa. Taurin kai ne irin na tsufa."

Na buɗe baki. In na ce ba haka aka yi ba, na ƙaryata surukina a gaban baƙi da 'ya'yansa da maƙwabta. In na yi shiru, na bar shi ya ɗauki kayana ya ɗora a kai. Na tsaya baki buɗe kamar wawa, har jami'in ya rufe littafinsa aka nufi mota. Babban ɗansa ya bi ni da wani kallo da ban manta ba, don shi ya san mahaifinsa ba ya ƙin magana in an faɗa masa.

Washegari na shiga ofishin Madam na rufe ƙofa na faɗa mata komai, tun daga ranar raba yankuna. Yanzu da ba abin da zai gyaru, bakin ya buɗe, har da ƙari. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita tun a gona ta san tsohon rufa mini asiri ya yi, don a garin nan ta tashi, ta san yadda suruki ke tsayawa a gaban suruki, ta kuma ga takalmina a hannu. Ta ce, "Malam, da ka ce mini surukinka ne, da ni da kaina zan je. Minti biyar." Ba ta ɗaga murya ba, na so a ce ta ɗaga. Ta ba ni takardar tuhuma, ta ɗauke ni daga yankin, ta kuma cire ni daga koyar da sababbi. Na roƙe ta ko akwai abin da za a yi wa gonar. Ta ce babu, iri ya riga ya gurɓace, ko laifin wane ne. Abin da kawai ta iya, ta rubuta cewa ba a gargaɗe shi ba, don a dakatar da shi shekara ɗaya maimakon a cire sunansa har abada.

Wannan a takardun ofis ke nan. A ƙauye labarin da ya zauna shi ne wanda ya faɗa da bakinsa: tsoho ya yi taurin kai a kan layi goma sha biyu ya yi asarar gona. Har a kasuwar Kafur na ji ana ba da labarin ana dariya, ba su san ko ni wane ne ba. Bai taɓa gyara maganar ba. Da kaka ta yi aka girbe masarar da aka soke, rumbu ɗaya ma bai cika ba cikin biyu. Kafin ruwa ya sake sauka, gidan da bai taɓa awo ba ya koma sayen tiya-tiya. Muka riƙa aika buhu a motar kasuwa da sunan maiɗakina ce ta aika wa Inna, don in an ce daga gare ni ne ba zai karɓa ba, ko kuma ya karɓa, wanda ya fi ciwo. Jar masarar kuwa da ta nuna, sai ga ta an aiko cikin buhu, an ce a gasa wa yara kamar yadda ya yi alkawari. Yara suka ci suna murna, ni ban iya taɓawa ba.

Da shekarar dakatarwa ta cika, wata safiya ina cikin ɗakin ajiyar iri aka ce mini ga wani dattijo daga Kafur yana neman manaja. Shi ne, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya shigo motar haya shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Na cire takalmi na durƙusa a baranda muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Madam ta shigar da shi ta ba shi kujera, ƙofar a buɗe, ina durƙushe a waje ina ji. Ya ce yana so a mayar da sunansa, gonar bakin rafi tana nan, jar masara kuma ya kai ta wata gona can nesa bayan gari. Madam ta ce an mayar. Sai ya ce yana da roƙo guda.

"A haɗa ni da malamin da ba ya jin kunyata."

Madam ta ce za a yi. Ya fito, ya tsaya a kaina ya ce Allah ya yi albarka, Malam, a gaida yara. Na ce za su ji, Baba. Na raka shi tasha ina bayansa da taku uku, na riƙe masa ƙofar mota, har ta tashi ban ce komai ba bayan Allah ya kiyaye hanya.

Na so in ba shi haƙuri. Na tsara maganar a baki ba sau ɗaya ba, a kan babur, a masallaci, a layin shan mai. Na je ƙauyen da sallah ƙarama da niyyar faɗa, na durƙusa, muka yi maganar ruwa. A ƙarshe na zaunar da maiɗakina na ce ta gaya wa Inna ta gaya wa Baba cewa laifina ne tun daga farko har ƙarshe, ya yafe mini. Ban san yadda saƙon ya isa ba, ko me aka rage a hanya. Bayan kwana biyu amsa ta dawo: ya ji, ya gode.